Dokar Garke da Cikin Auta

Akwai wani dattijo mai yi wa dabbobi allurar rigakafi, wanda mutane suka laƙaba wa suna Dakta. Ba likita ba ne, kuma da farko idan an kira shi haka yakan yi dariya ya ce a daina sa masa rigar da ta fi ƙarfinsa. Amma yau da gobe sai rigar ta zauna masa, har ya manta ta aro ce. Mutum ne mai kirki, ba ya ƙin zuwa inda aka kira shi, hannunsa kuma yana da sauƙi, akuya takan ci gaba da tuƙarta ba ta san an soke ta ba. Aibinsa guda ne. Abin da ya sani ya san shi sosai, sai ya ɗauka abin da bai sani ba ma ya san shi. Ba a taɓa jin ya ce bai sani ba, tambaya kuwa a wurinsa zubar da girma ce.

Kullum da safe yakan ɗaure kular ƙanƙara a bayan babur, kwalaben allura a jere a ciki, sirinji a aljihun gaba, ya bi gidaje da gonakin bayan gari. Idan ya gama da dabbobi ba ya tafiya nan da nan. Sai a kawo masa kujera, wannan ya nuna masa ƙurji, wancan ya kawo ƙarar ciwon baya, shi kuwa ya yi ta yanke hukunci. Sau da yawa maganarsa takan dace, domin ya daɗe yana kallon jiki, ko da na dabba ne.

Yana da wata doka da ba ya karyawa, kuma dokar tana da asali. Tun yana saurayi, sabon shiga aikin, aka ba shi wata sabuwar allura ya kai wa garken wani makiyayi. Ya bi awakin nan kaf ya yi musu, har da masu ciki. Ba a jima ba suka fara ɓari, ɗaya bayan ɗaya. Da ya koma ya ga 'yan awakin a kwance a kan ciyawa ko gashi ba su gama yi ba, makiyayin yana tsaye a kansu. Daga baya maigidansa a wurin aiki ya nuna masa cewa allurar tana ɗauke da ƙwayar cutar a raye, raunana ta kawai aka yi, irin wannan kuwa ba a yi wa mai ciki. Daga ranar ya kafa dokarsa: sabuwar allura ba ta taɓa mai ciki. Doka ce mai kyau a garke, ta kuma tsare dabbobin mutane da yawa.

To, sai annobar korona ta zo. Shekarun nan sukan cakuɗe mini yanzu, ban iya cewa a shekara ta biyu ne ko ta uku, amma dai lokacin ne da kowa yake yawo da takunkumi a fuska, ana gaisawa daga nesa, har ka wuce ɗan'uwanka a hanya ba ka gane shi ba. Allurar rigakafi ta iso asibitoci. Dakta da kansa ya je aka yi masa, ya dawo yana yaba hannun yarinyar da ta yi masa, yana cewa da za ta yarda da ya ɗauke ta aiki. Ba ya cikin masu cewa allurar makirci ce. Irin waɗannan har faɗa yake yi musu.

A wannan lokacin 'yarsa ta ƙarshe, wadda duk gidan suke kira Auta, tana da cikin fari. Malamar makarantar firamare ce, ajinta cike da yara, wannan na tari wancan na jan majina. Tun tana ƙarama take da ciwon asma. Dakta ya sha goya ta a babur zuwa asibiti tana numfashi kamar ana busa ƙaramin usur a ƙirjinta, shi ya sa a cikin 'ya'yansa babu wadda yake wa tsoro kamarta.

Wata rana Auta ta zo gida tare da mijinta, direban motar kaya ne, mutum mai kunya da ba ya iya haɗa ido da surukinsa. Bayan an gaisa ta ce ungozomar da take yi mata awo ta ba ta shawarar a yi mata allurar korona, domin mai ciki idan cutar ta kama ta takan fi jin jiki, balle mai asma. Mijin ya ce shi bai ƙi ba, amma ya ga bai kamata a yi ba sai an ji ta bakin Baba, tunda allura aikinsa ce.

Dakta ya gyara zama. Ya ba su labarin awakin nan daga farko har ƙarshe, ko da yake Auta ta ji shi ya fi a ƙirga. Da ya gama ya ce, "Idan kin sauka lafiya ni da kaina zan kai ki. Amma da ciki, ban yarda ba."

Auta ta ce a hankali, "Baba, ita ungozomar ta ce ba irin waccan ba ce."

Ya ce, "Shekarunta nawa? Ina riƙe da sirinji tun ba a haife ta ba."

Matarsa, wadda yaran suke kira Inna, tana ninke wanki a gefe. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, ni dai ban tuna na haifi akuya ba."

Kowa ya yi dariya, har shi. Amma maganar ta tsaya inda ya ajiye ta. Auta ba ta saba ƙetare maganar mahaifinta ba, mijinta kuwa ko da wasa ba zai yi ba. Da ta koma awo ta ce wa ungozoma a bari tukuna.

Maƙwabcin Dakta na jikin katanga mai walda ne, matarsa ita ma tana da ciki, nata ya ɗan girmi na Auta. Ita ma an yi mata maganar allurar a asibiti. Mai walda ya tsallako da yamma, tabaran aikinsa a goshi, ya tambayi Dakta. Dakta ya ba shi labarin awaki. Mai walda ya yi godiya ya koma ya gaya wa matarsa an gama magana.

Aka yi kwanaki, aka yi makonni. Sai matar mai walda ta fara zazzaɓi. Aka ce mura ce. Tari ya biyo baya, ta daina jin ƙamshin abinci, sannan wata safiya ta kasa ƙarasa magana ba ta tsaya ta ja iska ba. Aka kai ta asibiti, aka gwada, aka ce korona ce. Aka sa mata iskar oksijin. Da likitoci suka ga huhunta ba zai iya ɗaukar nauyin mutum biyu ba, sai suka yi mata tiyata suka ciro ɗan, bakwaini, aka sa shi a kwalbar rainon jarirai.

Dakta ya je dubiya da hantsi. Ba a barin kowa ya shiga ɗakin masu cutar. Ya tarar da mai walda a kan benci a baranda, idanunsa sun faɗa, rigar aikin ce har yanzu a jikinsa. Akwai taga mai gilashi a ƙarshen barandar, daga nan ake hango gadon matar. Dakta ya leƙa. Bai ji komai ba saboda gilashin, amma ya ga kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka, ramin wuyanta yana lotsawa a kowane numfashi. Ya san wannan. Ya sha ganinsa a jikin wata 'yar yarinya da yake goyawa a babur.

Mai walda ya taso ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce, "Dakta, Allah ya saka maka da alheri. Sun yi ta tambayata ko an yi mata allurar nan, na ce a'a, muna da babba a unguwa da ya hana mu. Ka ga da an yi mata, ga allura ga ciwo, ai da yanzu wani labarin ake yi."

Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. A karon farko Dakta ya tambayi kansa daga ina ya san abin da ya gaya wa mutumin nan. Bai taɓa riƙe kwalbar allurar ba. Bai karanta abin da ke jikinta ba. Shi da ba ya soka wa ɗan tsako allura sai ya juya kwalba ya duba, ya yanke wa mata biyu hukunci a kan kwalbar da bai gani ba.

Ya yi wa mai walda sannu ya juya. Maimakon ya nufi inda ya ajiye babur, sai ya bi wata barandar har ɗakin awo. Mata masu ciki ne zaune a jere, kowace da takunkuminta, an bar tazara a tsakani. Ya tsaya a ƙarshen layi, tsoho guda a cikin mata. Wata ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Baba, kai ma awon ka zo? Wata nawa?" Ta kusa da ita ta ce ai daga gani ya kusa, a ba shi wuri ya zauna. Dakta ya shafa tumbinsa ya ce nasa ya daɗe, ya ƙi fitowa. Suka yi ta dariya. Haka ya jira har layin ya ƙare.

Ungozomar mace ce matsakaiciya, mai tabarau, ta gaji amma ba ta nuna ba. Ya gaya mata ko shi wane ne. Ta ce ashe shi ne Baban da ya ce a bari tukuna. Ta jawo masa kujera.

Ya ce, "Malama, tambaya ɗaya na zo yi, wadda ya kamata in yi tun tuni. Allurar nan, ƙwayar cutar tana ciki a raye?"

Ta ce babu. Ta ce babu abin da ke ciki da zai hayayyafa ya sa wa uwa ko ɗa korona. Nuna wa jiki kamannin abokin gaba kawai take yi, jiki ya shirya kafin ya zo. Ta ce ba ta ga laifin tsoronsa ba, domin a cikin alluran mutane ma akwai masu rai da su kansu ba sa yi wa mai ciki, amma wannan ba ta cikinsu. Ta gaya masa an yi wa mata masu ciki da yawa a ƙasashe daban-daban, an bi su har suka haihu, ba a ga ɓari ya ƙaru a cikinsu ba. Abin da aka gani yana ƙaruwa shi ne haihuwar bakwaini da kwanciya a kan oksijin, a cikin waɗanda cutar ta kama ba rigakafi. Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce hannu zai yi tsami, wata ma ta yi ɗan zazzaɓi na yini, kuma allurar ba katangar ƙarfe ba ce, mutum yana iya kamuwa, sai dai yawanci cutar takan zo da sauƙi.

Sannan ta tambaye shi, tunda shi ma'aikacin allura ne, ko tumaki masu ciki ba a yi musu komai sam.

Ya ce a'a, akwai wata tsohuwar allura marar rai da yake yi musu idan haihuwa ta matso, da gangan ma, domin idan ɗan ya sha dakashi, wato nonon farko, sai ya sami kariyar uwarsa, shi ya sa 'yan tumakin da...

Ungozoma ta ce, "Ƙarasa mana, Baba."

Bai ƙarasa ba. Ita ta ƙarasa masa. Ta ce a mutane kariyar tana bi ta mabiyiya tun ɗa yana ciki, sannan ta bi ta nono, jariri ya shigo duniya da 'yar garkuwarsa a watannin da ba a iya yi masa tasa allurar. Amsar tana cikin kular Dakta shekara da shekaru, yana yawo da ita a bayan babur.

Daga asibiti gidan Auta ya wuce. Ya same su duka biyu, mijin yana wanke mota a ƙofar gida. Mijin ya ruga ya kawo kujera, Dakta ya ce ba zama ya zo yi ba. A tsaye ya faɗa, a gaban surukin da bai taɓa jin ya janye magana ba.

Ya ce, "Auta, maganar da na yi miki ban san ta ba. Na je na tambaya. Ungozomarki ce da gaskiya. Idan kin yarda, ɗauko mayafinki."

Auta ta dube shi, ta dubi mijinta, sai ta ce tun da ta ji labarin matar mai walda ba ta yi barcin kirki ba, kuma da ma ta yanke gobe za ta zo ta roƙe shi. Mijin ya ce motar ta jiƙe amma tana tafiya. Su uku suka tafi a gaban motar kaya. Da aka zo sokawa Dakta ya kau da kai, shi da ya soki dubban dabbobi. Washegari hannunta ya yi tsami, ta yi ɗan zazzaɓi, ta kwana ta tashi garau. Da lokacin ta biyu ya yi, ita kaɗai ta je abinta.

Saura mai walda, kuma wannan ta fi wuya. Inna ta ce ya bari sai matar ta fito. Ya ce idan ya bari, mutumin zai ci gaba da yi masa godiya, shi kuwa ba zai iya ɗauka ba. Ya koma barandar nan ya zauna kusa da shi ya gaya masa gaskiya, bai rage ba. Mai walda ya saurara har ƙarshe, ya zare hannunsa daga na Dakta, ya tashi ya koma jikin taga. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa. Dakta bai fasa zuwa ba. Allah ya taimaka, matar ta fara numfashi da kanta, aka cire mata oksijin, ɗan kuma ya yi ta ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har aka fito da shi daga kwalba. Ranar da aka sallame su, mai walda ya leƙo ta katanga ya ce, "Dakta, ƙofar kejin kajinka ta karye, ina gani tun bara. Kawo in gyara." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya kuwa isa.

Bayan haka duk gidan da Dakta ya shiga da kularsa, idan an kawo kujera, yakan fara da cewa akwai maganar da ya taɓa faɗa wadda ba daidai ba ce. Wasu sun yi masa dariya, wani mai kaji ma ya ce ashe Dakta yana kuskure, lallai duniya ta zo ƙarshe. Amma mata da dama sun je awo sun yi tambaya saboda shi.

Cikin Auta ya shiga watansa, sai mijinta ya dawo daga wata doguwar tafiya da zazzaɓi. Aka gwada shi, korona. Aka gwada ta, ita ma ta kamu. Da labarin ya iso, Dakta ya zauna a kan bokitin da yake wanke sirinji. Ba a yarda ya je ba. Sai ya riƙa kiranta a waya safe da yamma, kuma ba ya barin ta yi gajeriyar magana. Yakan ce ta ba shi labarin yaran ajinta, ita tana zuba shi yana kasa kunne, ba labarin yake ji ba, numfashin da ke tsakanin kalmomi yake saurare. Har ta gane. Ta ce, "Baba, in kana so in yi maka waƙa ne ka faɗa." Ta yi mura, ta yi ciwon kai, ta yi tari na 'yan kwanaki. Ungozoma tana bibiyarta, maganin asmarta yana kusa da ita. Usur ɗin nan bai busa ba. Ba ta kwana asibiti ba ko sau ɗaya.

Ta warke da 'yan makonni naƙuda ta zo, da rana tsaka, a kan lokacinta. Dakta da Inna da surukin suna baranda. Surukin ya kai gwauro ya kai mari har Inna ta ce ya zauna kada ya cinye simintin mutane. Can sai suka ji kuka daga ciki, kuka mai ƙarfi, irin na wanda aka tasa daga barci bai shirya ba. Ungozoma ta leƙo ta ce namiji ne, cikakke, uwa lafiya ɗa lafiya, har ya kama nono.

Dakta ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Inna ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta taɓa shi da gwiwar hannu ta ce, "Malam, ka ji muryar sabon maigidana? Kai kam ka yi ritaya."

Ya share ido ya ce ya yarda, a ba yaro gidan.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sanin abu ɗaya ba sanin komai ba ne, kuma wanda mutane suka amince wa ya fi kowa bukatar ya bincika kafin ya yi magana, domin kuskurensa ba a kansa kaɗai yake tsayawa ba. Tsoro saboda ƙauna ba laifi ba ne, amma a kai shi wurin masu sani a tambaya. Mace mai ciki da mijinta da iyayenta su nemi shawarar ma'aikatan lafiya a kan allurar rigakafi, domin kariyar uwa kariyar ɗanta ce. Wanda kuma ya gane ya yi kuskure, ya gaggauta komawa ya gyara tun gyaran yana da amfani. Girman dattijo ba ya zubewa don ya ce a sanar da shi.